Zukini ɗure da shinkafa irin na Girkawa: ba nama, anya zai ciyu?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman agaji. Ƙanwar maigidana ta zo daga Jos da tsarabar zukini kusan rabin kwando, ni kuwa iyakar sanina da shi a yayyanka a watsa cikin soyayyar shinkafa. Na ji an ce Girkawa suna rarake cikinsa su ɗura shinkafa da ganye su dafa, ba nama ko ƙwalli. Akwai wadda ta taɓa yi a cikinmu? Shinkafar ɗanya ake zubawa ko sai an tafasa? Kuma tsakani da Allah, abin zai ciyu babu nama?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ku 'ya'yan yanzu ba kwa ƙarewa da sababbin abubuwa. Mene ne kuma zukini? Ba kokwamba ba ce aka sake wa suna?

Ɗan Lambu:
Barka da war haka Hajiya. Ba kokwamba ba ce, a ido ne kawai suka yi kama. Shi ɗan'uwan kabewa ne, sai dai ba a barinsa ya ƙosa, kwana kaɗan bayan furen ya buɗe muke yanke shi yana ɗanye shataf. In aka manta da shi a gona sai ya yi ƙato, fatar ta yi tauri, 'ya'yan ciki su yi ƙarfi, shi ne 'yan kasuwa ke ce wa maro. Hanyar ganewa mai sauƙi: ki dubi kansa, zukini yana da ɗan kututture mai kauri mai kusurwa-kusurwa inda aka yanke shi daga jikin uwar, kokwamba ba ta da wannan. Nan kasuwar Farin Gada ta Jos kusan kullum akwai shi. Na ɗurawa ku nemi gajeru masu ƙiba, kamar tsawon tafin hannu zuwa ɗan sama da haka, waɗanda in an latsa ba sa lotsawa.

Ummu Hanan:
Maman Walid kin zo gidan. Mu nan birnin Tasalonika na ƙasar Girka muke zaune, kuma in bazara ta shigo babu makon da ƙamshin wannan abincin ba ya tashi a benenmu. Sunansa kolokitakiya gemista. Wajen wata tsohuwa maƙociyata na koya, bari in faɗa miki yadda take yi.

Na zukini 8: shinkafa gwangwanin madara ɗaya, albasa manya 2, albasa mai lawashi kamar 5, tumatir nunannu 3, man zaitun rabin kofi ko ya ɗan fi, na'a-na'a da fasli da ganyen dil kowanne cikin hannu ɗaya bayan an yanka, gishiri, masoro, sai dankalin Turawa 2 ko 3.

Ki yanke kan kowanne ki ajiye, shi ne murfinsa. Ki sa ƙaramin cokalin shayi ko siririyar wuƙa ki riƙa juyawa kina ƙwaƙulo cikin, ki bar kaurin jikin kamar rabin santimita, kar ki huda gindin. Ki ɗan barbaɗa gishiri a ciki ki kife su su tsane. Abin da kika ƙwaƙulo kar ki zubar, don Allah kar ki zubar, rabin daɗin abincin yana nan. Ki daddatsa shi ƙanana.

Ki zuba rabin man a tukunya, ki sa albasa da lawashi a wuta kaɗan-kaɗan har su yi laushi su yi zaƙi, ba soyuwa ja ba. Nan ne ake haƙuri, minti 10 ko fiye. Sai shinkafa, wankakkiya amma ɗanya, ki juya ta cikin man minti biyu. Ki zuba abin da kika ƙwaƙulo da gogaggen tumatir 2, gishiri da masoro, ki bar shi kamar minti 5 har shinkafar ta tsotse yawancin ruwan. In kin ɗanɗana za ki ji tana nan da ƙarfinta, haka ake so. Ki kashe wuta sannan ki zuba ganyen, in kika zuba su a kan wuta ƙamshin ya tafi da tururi.

Wajen ɗurawa kar ki cika, kashi uku cikin huɗu ya isa, kuma kar ki danna. Shinkafa za ta kumbura, in ba ta sami wuri ba ko dai ta fasa zukinin ko ta ƙi nuna a tsakiya. Ki mayar da murafen, ki jera su a kwance a faranti mai zurfi, ki cusa yankakken dankali a tsakaninsu. Ki goga tumatir ɗin da ya rage ki haɗa da sauran man da ruwa kofi ɗaya da gishiri ki kwarara a kai. Ki rufe da foyil, obin a 180, minti 45. Ki buɗe, ki juya su, ki ƙara minti 30 har saman ya ɗan yi ja kuma ruwan ya ƙone ya bar mai kawai a ƙasa.

Ba a ci da zafi. Sai ya huce ya zama ɗumi-ɗumi.

Baban Sadik:
Ku yi mini afuwa na shigo zancen mata, amma na karanta daga sama har ƙasa ina jiran inda za a ce "sai ki kawo niƙaƙƙen namanki", shiru. Shinkafa cikin kabewa, ga dankali a gefe. Yaya Ummu Hanan, in aka ajiye mini wannan da daddare zan ci, in yi godiya, sannan in tambayi ina abincin yake.

Maman 'Yan Biyu:
Hhhh Baban Sadik ya faɗi abin da ke ran mazajenmu duka. Nawa ko wake da shinkafa aka yi sai ya leƙa ƙarƙashi.

Ummu Hanan:
Malam ba za a hana ka naka ba, Girkawan ma suna yin mai nama. In gaskiya za a bi, in ka shiga gidan abinci ka ce a ba ka ɗurarren zukini, sau da yawa mai niƙaƙƙen nama ne za a kawo da miyar ƙwai da lemo a kai. Amma marar naman ba na wanda ya rasa kuɗin nama ba ne, abinci ne mai zaman kansa, kuma yana da dalili. Mafi yawan mutanen nan Kiristoci ne 'yan Otodoks, azuminsu kuwa ba irin namu ba ne na kame baki daga asuba zuwa magariba, kauce wa wasu abinci ne: nama, ƙwai, madara da duk abin da aka yi da ita. Suna da na kusan mako bakwai kafin Ista, da na 1 zuwa 14 ga Agusta, da na kwana 40 daga 15 ga Nuwamba, ga Laraba da Juma'a a yawancin makonnin shekara. Ba kowa ke bi ba yanzu, tsofaffi sun fi riƙewa. To ka lissafa mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kwashe wannan kwanakin ba nama, ai dole hannunsu ya faɗa a kan ganye. Har rukuni guda gare su na abincin da ake dafawa cikin man zaitun da tumatir, suna ce masa ladera. Azumin Agusta kuma yana faɗowa daidai lokacin da zukini da tumatir suka cika kasuwa.

Abin da na lura shi ne duk wanda ya ci ya ce "da an sa nama", in ka bincika abu uku ne: an yi rowar mai, ko an zubar da cikin zukinin, ko an yi gaggawar albasa.

Baban Sadik:
Na ji bayani, kuma na ƙaru. Amma ni ba azumin Agusta nake yi ba.

Hajiya Babba:
Kai Baban Sadik, ɗan wake da kake sharɓa da mai da yaji nama nawa ne a ciki? Kwaɗon zogale fa? Mu da muka tashi ana yanka sai sallah ko suna, ba mu mutu ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne rabin kofin man zaitun. 'Yata, kin san kuɗin 'yar kwalbar nan da muke saya don shafawa da tofi? A juye rabin kofi a tukunya ɗaya?

Ummu Hanan:
Hajiya gaskiyarki. A nan shi ne man girkinsu na yau da gobe, gidaje da yawa suna da dangi a ƙauye masu itatuwan zaitun, da garwa ake kawo musu bayan girbi. A gida kuwa lissafin daban ne. Shawarata ki yi duk dahuwar da man gyaɗa mai kyau, in an sauke sai ki yaryaɗa man zaitun cokali biyu a kai. Ƙamshinsa dama ya fi fitowa in bai sha wuta ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rage yawan man gaba ɗaya. In aka rage, shinkafar ta bushe, zukinin ya zama dafaffen ruwa. Sannan a duba kwalbar, a tabbata na ci ne, ba wanda aka haɗa da turare don gashi ba.

Maman 'Yan Biyu:
Manja fa?

Ummu Hanan:
A'a ƙawata, wannan kam a'a. Zai danne na'a-na'a da dil ɗin duka.

'Yar Mai Wurno:
Salamu alaikum. Ina ta karatu ina dariya ni kaɗai. Wannan ai mahshi ne! Mu Hausawan Sudan da shi muka tashi, kusa muke ce wa zukinin kamar yadda Larabawa ke faɗa. Duk wadda ta zauna Makka ko Masar ta san shi. Muna ɗura kusa, da tattasai, da baƙin yalo, mu jera a tukunya da miyar tumatir. Ganyen da Ummu Hanan ke kira dil shi ne shabat, ku tambayi masu sayar da kayan ƙamshin Larabawa. Yaushe kuma ya zama na Girkawa?

Malam Na Tarihi:
'Yar'uwa ta Mai Wurno, wannan rigimar ta girme mu duka, kuma in Baturke yana zauren nan zai ce ku duka biyun dolma kuka ara. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: shi kansa zukinin baƙo ne a wajen kowa. Kakanninsa daga nahiyar Amurka suke, an tono 'ya'yan irin wannan kabewar a wani kogo a Oaxaca ta Meziko masu kusan shekara 10,000, kuma ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Wannan siririn da ake ci ɗanye manoman arewacin Italiya ne suka fitar da shi a ƙarni na 19. Tumatir ma daga Amurka yake. Dabarar ɗure kayan lambu kuwa ta riga su, ana yi da ganyen inabi da baƙin yalo, kuma ta yaɗu a duk inda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta mulka, daga Balkan zuwa Sham da Masar. Girkawa sun yi tawaye a 1821, amma garin da Ummu Hanan take bai fita daga hannun Turkawa ba sai 1912. Sudan kuma ta shiga hannun Masar da Turkawa daga 1820. Kin ga kakar ɗaya ce, kowace jika da irin hannunta.

Ummu Hanan:
Malam ka taɓo inda nake so. Ita maƙociyar tawa kakanninta daga Izmir suka zo. A musayar jama'a ta 1923 Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar ƙasar Turkiyya ta yau suka koma Girka, Musulmi kusan 400,000 suka yi akasin haka, kuma Tasalonika ta karɓi masu yawa. Irin waɗannan gidajen za ki ga suna sa zabibi da 'ya'yan itacen fayin (ƙanana ne masu mai, kamar gyaɗa) a cikin shinkafar, wasu har da ɗan kirfa. Na bar su a lissafin da na bayar don kar in tsorata mutane, amma wadda ke so ta sa zabibi cokali biyu, a madadin fayin kuma ta daddaka yazawa sama-sama.

'Yar Mai Wurno, bambancin da nake ji a baki shi ne naku miyar tumatir ta fi yawa kuma kayan ƙamshi sun fi ƙarfi. Nasu ganye ɗanye da mai da lemo ne a gaba.

'Yar Mai Wurno:
Wannan kam haka ne, mu ba ma barin tukunya ba tafarnuwa da kamun. Amma har yanzu a bakina mahshi ne.

Kawu Sabon Gari:
Ku ba tsoho wuri. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuku ne a gidan wani mutumin Girka a Kano zamanin dalar gyaɗa. Yara ba su san cewa mun zauna da Girkawa ba: mai kantin Leventis ɗan Kubrus ne mai jin Girkanci, Zochonis na kamfanin PZ ma Bagirke ne. Baba yakan yi mana irin wannan a gida, amma da tumatir da tattasai, don zukini ba ya samuwa sosai a lokacin. Abin da nake tunawa shi ne ba ya yarda a taɓa sai ya huce sosai, wato sai la'asar abin da aka sauke da hantsi. Muna yara muna ganin mugunta ce.

Amaryar Yamai:
Fofo, sannunku. A nan Yamai kurjet muke ce masa, masu lambun bakin kogi suna kawowa da yawa lokacin sanyi. Tambayata a kan shinkafa ce. Wadda ke gidana ta buhu ce, doguwa, mai tururi. Za ta yi? Kuma ba ni da obin, gas ne mai kai biyu.

Ummu Hanan:
Amarya wannan tambayar ta fi ta kowa muhimmanci. Girkawa gajeriyar shinkafa ko matsakaiciya suke sawa, wadda suka fi so ana ce mata Karolina, tana da laushi, tana sakin ɗan danƙo da ke riƙe ɗurin wuri ɗaya. Mai tururin nan an riga an turara ta tun tana cikin ɓawonta, shi ya sa take warwarewa kuma take son ruwa da lokaci. A cikin zukini ba ta da isasshen ruwa, sai zukinin ya narke ita tana nan tsatstsaye. Mafi kusa da Karolina a wajenmu ita ce shinkafar tuwo. Ki wanke ta sau ɗaya ko biyu, kar ki jiƙa. In dole sai mai tururin, to ki tafasa ta minti 8 zuwa 10 ki tace kafin ki haɗa, ki kuma ɗan ƙara cikawa tunda ta riga ta fara kumbura.

Rashin obin ba matsala ba ne, ɗurarren zukini ma a tukunya aka fi yin sa a gidaje da yawa. Ki shimfiɗa yankakken dankali ko ragowar karan fasli a gindin tukunya mai faɗi don kar ya kama. Ki jera su a matse. Ki zuba ruwan zafi da man da gishiri har ya kai rabinsu ko ya ɗan wuce, ba ya rufe su ba. Ki kifa faranti mai nauyi a kansu, sannan murfin tukunya. Farantin shi ke hana su rawa suna zubar da ɗurin. In ya tafasa ki rage wuta can ƙasa, minti 40 zuwa 50. Ki soka cokali mai yatsu, in ya shige ba gardama sai ki buɗe ɗaya ki duba shinkafar tsakiya.

Maman 'Yan Biyu:
To ni fa zan faɗi gaskiya ko za a kore ni daga zaure. Ba zan iya ɗora tukunya ba dunƙule da attaruhu ba. Gishiri da masoro kawai? Yarana za su ce ba ni da lafiya.

Anti Nas:
Ai matsalarmu ke nan, harshenmu ya saba har ba ma jin ɗanɗanon komai sai na dunƙule. Miyar kuka, jalof, taliya, ƙwai, duk ɗanɗano ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Anti kar ki mayar da ni abin wa'azi mana. Kowa da abin da ya saba.

Ummu Hanan:
Ku tsaya kar a yi faɗa a kan kabewa. Attaruhu ɗaya a cikin albasar ba zai ɓata komai ba, mutanen arewacin Girka ma suna da dakakken barkononsu da suke barbaɗawa, bukobo. Dunƙule ne nake roƙon a bari ko da a karon farko. Ba don haramun ba ne, don dai ki ji abin yadda yake, sannan ki yanke hukunci. Zukini ɗanɗanonsa siriri ne, dunƙule ɗaya ya isa ya shafe shi. Kuma yawancinsu ɗanɗanon kaza ko nama aka yi su da shi, kin ga an koma gidan jiya. In kin ji kamar wani abu ya yi kaɗan, kafin ki kai hannu ga dunƙule ki matsa lemon tsami ki ƙara ɗan gishiri. Sau da yawa tsami ne ya yi kaɗan.

Baban Sadik:
Ɗazu kin ambaci miyar ƙwai da lemo kin wuce. A dawo da ita, watakila mu shirya.

Ummu Hanan:
Na san nan za ka tsaya. Abgolemono ke nan. Ana yi wa marar naman ma in ba ranar azuminsu ba ce, kuma da na tukunya take tafiya. In za a yi ta sai a cire tumatir daga ruwan dahuwar, ko a bar kaɗan a cikin ɗurin kawai, a kuma tabbata an rage romo kamar kofi ɗaya da rabi a tukunya.

A fasa ƙwai 2 a kwano a kaɗa sosai har ya yi kumfa. A zuba ruwan lemo ana kaɗawa. Su manyan lemo rawaya 2 suke sawa. Namu ƙananan kore sun fi kaifi kuma suna da ɗan ɗaci, a fara da 2 a ɗanɗana. Sai a ɗebo romon da zafinsa a ludayi a riƙa tsiyayawa cikin ƙwan kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya na zuba ɗaya na kaɗawa, har kwanon ya ɗauki zafi. A kashe wuta, a juye a kan zukinin, a kama hannuwan tukunyar a jujjuya ta, ba a sa ludayi. In ana so ta yi kauri a mayar kan wuta 'yar ƙarama minti biyu. Kar ta tafasa. Tana tafasa ƙwan ya tsinke ya zama gudaji-gudaji. Mai tsoro ta dama garin masara na kanti cokalin shayi ɗaya a cikin ruwan lemon tun farko, yana taimakawa ta riƙe.

Baban Sadik:
Yauwa. Ƙwai ai ɗan kaza ne. An fara magana.

Anti Nas:
Bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don na ga an fara cewa a inbox wai abincin rage ƙiba ne. Zukini kansa kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, giram 100 bai kai kalori 20 ba. Amma cokali ɗaya na man zaitun kusan kalori 120 ne, ga shinkafa ga dankali. Mai ciwon suga ya ci biyu da salak, ya bar dankalin. Sunan da abincin yankin Bahar Rum ya yi ya samo asali ne tun binciken ƙasashe bakwai da wani masanin Amurka, Ancel Keys, ya fara a 1958, inda aka ga ciwon zuciya ya yi ƙaranci a mazan tsibirin Kirit na Girka. Sai dai mutanen nan manoma ne masu yini a kan duwatsu, ba masu yini a kan kujera ba.

Abu na biyu ya fi wannan. Kafin ku fara ƙwaƙula ku yanki ɗan ƙarami daga kowanne ku lasa. In kun ji ɗaci mai tsanani ku jefar da shi gaba ɗaya. Sinadarin kukurbitasin ne, irin wanda ke cikin duma mai ɗaci, dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana sa amai da gudawa mai tsanani.

Na uku, Kawu ya ce ana barinsa ya huce, haka ne, amma zafinmu ba na wasa ba ne kuma dafaffiyar shinkafa tana saurin lalacewa. Bayan awa biyu a waje a sa a firij. In babu tabbacin wuta a yi daidai ci. Mai miyar ƙwai kuwa a cinye shi a ranar.

Ɗan Lambu:
Maganar ɗacin nan gaskiya ce Anti. Ya fi faruwa in mutum ya ajiye iri da kansa daga gonar da ke kusa da wasu dangin kabewa na daji ko na ado, ko shukar ta sha ƙishi da zafi. Irin da aka saya a leda da wuya ya yi haka.

Ummu Hanan, na ga hoto wai har furen suke ɗurawa. Mu nan zubar da shi muke.

Ummu Hanan:
Kai Ɗan Lambu, dukiya kuke zubarwa! A Kirit ɗurarren furen zukini abin alfahari ne. Da sassafe ake tsinka, lokacin yana buɗe, don rana na ɗagawa yake tsukewa. A cire zaren tsakiya, a sa ɗurin nan cokalin shayi ɗaya, a naɗe bakin, a jera a tukunya tare da zukinin ko a kansa.

Ɗan Lambu:
To ai mai sauƙi ne. Shukar tana da fure namiji da mace. Macen ce ke da ɗan zukini a gindinta, namijin a kan siririn kara yake, ba ya haihuwa. Sai a tsinki mazan a bar kaɗan don ƙudan zuma. Matsalar kawai ba zai kai Kaduna da rai ba, kafin mota ta wuce Saminaka ya yi yaushi.

Maman Walid:
Allah Ya saka da alheri, na kwafe komai. Ganyen dil ɗin ne ban san inda zan samu ba. Kuma da me ake haɗawa a ci?

Ummu Hanan:
In bai samu ba ki ƙara na'a-na'a da lawashi, zai yi daɗi, ɗanɗanon ne zai ɗan bambanta. Kar ki musanya da ganyen kori ko ɗoɗɗoya, wata hanya za su kai ki. Busasshen dil na kwalba ma yana yi, cokali ɗaya.

Su da burodi suke ci, suna dangwalar man da ya taru a ƙasa, da yankin cukun feta a gefe. Feta da nonon tumaki ake yi, wani lokaci a haɗa da na awaki har kashi 30, a jiƙa cikin ruwan gishiri, saboda haka yana da gishiri da tsami. Warar Fulani ba ta da wannan kaifin, cukun Nijar kuma busasshe ne. Abin da zai fi kusa shi ne kindirmo mai kyau marar suga: ki juye a kyalle mai tsabta ki rataye ya tsane awa biyu ko uku a wuri mai sanyi, ki sa gishiri da 'yar tafarnuwa. Cokali ɗaya a gefen faranti.

Hajiya Babba:
Kindirmo da gishiri. To. Duniya makaranta.

Amaryar Yamai:
Tambaya ta ƙarshe Anti Ummu Hanan. Kawu ya ce mahaifinsa da tumatir da tattasai yake yi. Zan iya haɗa su duka a tukunya ɗaya da kurjet ɗin?

Ummu Hanan:
A obin eh, haka ma aka fi yi, faranti ɗaya ja da kore, ɗurin iri ɗaya ne sai dai ki niƙa cikin tumatir ɗin ki zuba a ciki maimakon gogaggen. A tukunya kuwa tumatir ba ya jure tafasa, fashewa yake. Ki tsaya a kan kurjet da tattasai mai faɗi, kurjet a ƙasa tunda ya fi jinkirin nuna, tattasan a tsaye a sama bakinsu na kallon murfi.